Ƙarfin Ƙungiyar Malamai da Haƙƙin Ɗan Manomi

Ya ku jama'a masu karanta wannan shafi, musamman mutanen Tsiga da sauran garuruwan ƙasar Bakori, har zuwa Funtuwa da Malumfashi, maganarmu ta yau a kan ƙungiyar malaman makaranta ce, da irin ƙarfin da ta ke da shi, da kuma inda ya kamata ta kai wannan ƙarfi. Magana ce wadda ba gidan da ba ta shafa ba. Duk manomin da ya saki ɗansa da safe ya tafi firamare, alhali ga noma na jira, ya rage hannu guda ke nan a gonarsa, bisa fatan yaron zai komo masa da abin da ya fi wannan hannu amfani. To, in yaro ya shekara shida yana zuwa yana komowa, sa'an nan ya fito bai iya karanta wasiƙa ba, bai kuwa iya lissafin kuɗin buhu goma na masara ba, uban ya yi biyu babu, ba noma ba karatu. Wanda ya jawo wannan hasara dole a neme shi, ko cikin ofis ya ke, ko cikin aji, ko bisa kujerar shugabancin ƙungiya.

Bari mu fara da ba kowa haƙƙinsa. Ƙungiyar malamai ta Nijeriya, wadda a ke kira NUT, tana cikin ƙungiyoyin ma'aikata mafiya daɗewa a ƙasar nan. An kafa ta a Ikko cikin 1931, shugabanta na fari kuwa shi ne Rabaran Ransome-Kuti, mutumin Abeokuta. A nan Arewa, Malam Aminu Kano ne ya tsaya tsayin daka, bayan komowarsa daga karatu a Ingila, har aka kafa jam'iyyar malaman Arewa cikin 1948, ya zama sakatarenta. A zamanin nan malamin elementare ma'aikacin En'e ne, ba shi da bakin magana a kan albashinsa, balle a kan inda za a jefa shi aiki. Haɗuwar kai ita ta ba shi murya. Daga baya, cikin 1972, ƙungiyar malaman Arewa da ta Kudu suka haɗu suka zama guda.

Kada kuma a manta siyasar Arewa daga cikin aji ta fito. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe cikin 1922, don horar da malamai aka gina ta. Sardaunan Sakkwato ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi hedimasta a Midil ta Bauci. Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, wanda ya riƙe ministan ilmi na Jihar Arewa, da alli ya fara. Haka Alhaji Shehu Shagari. Saboda haka in an ce malaman makaranta suna da hannu cikin siyasa, ba sabon abu aka faɗa ba, gado ne. Abin dubawa shi ne me a ke yi da gadon.

Ƙungiyar ta yi wa malamai aiki wanda ba mai musunsa. Cikin 1991 aka rushe hukumar ilmin firamare ta ƙasa, aka danƙa makarantun ga ƙananan hukumomi, malamai suka riƙa yin wata da watanni ba albashi, wasu suka koma gona, wasu kasuwa. Kukansu da yajin aikinsu na cikin abin da ya sa gwamnatin soja ta maido da hukumar cikin 1993. Cikin 2008 suka yi yaji a ƙasa duka na wajen mako biyar, har gwamnoni suka amince da ƙarin kashi 27.5 cikin ɗari. Cikin 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu ga dokar da ta ɗaga shekarun ajiye aikin malami zuwa 65 na haihuwa, ko 40 na aiki. Cikin 2025 malaman firamare na Abuja suka rufe makarantu fiye da wata uku, suna neman a biya su bisa mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka yi doka a kansa cikin 2024. Wanda ya san yadda malamin ƙauye ke kai ƙarshen wata da cin bashin mai shago ba zai ce waɗannan koke-koke ƙarya ne ba. Ba domin ƙungiya ba, da malami ya fi haka wulaƙanta.

Daga ina ƙarfin nan ya ke fitowa? Daga wuri uku. Na fari, yawa da bazuwa: ba wani ma'aikacin gwamnati da za ka tarar a kowane ƙauye kamar malamin firamare. Inda ba likita, ba ɗan sanda, ba malamin gona, sau da yawa akwai malamin makaranta, shi ke karanta wa mutane takarda, shi a ke tambaya labarin duniya. Na biyu, kuɗi: kuɗin ƙungiya daga tushe a ke cire shi, tun albashi bai shiga hannun mai shi ba, wata bayan wata, ko ya je taro ko bai je ba. Na uku, ƙuri'a: malami yana da tasa, da ta iyalinsa, da ta waɗanda ke jin maganarsa. Shi ya sa shugaban ƙungiyar malamai ba ƙaramin mutum ba ne wurin masu mulki. Ga misali Kwamared Abdulwahid Umar, mutumin Zariya, daga shugabancin NUT ya hau shugabancin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, ya riƙe ta daga 2007 zuwa 2015.

Gwamnoni kuwa sun ga aya. A Jihar Ekiti, Gwamna Fayemi ya nemi a gwada ilmin malamai cikin 2012, malamai suka ƙi. Da zaɓe ya zo cikin Yuni 2014 ya sha kaye a ƙananan hukumomin jihar duka 16, masu lura da al'amura da yawa suka lissafa fushin malamai cikin dalilan faɗuwarsa. A Jihar Edo, Gwamna Oshiomhole, wanda shi kansa tsohon shugaban ƙwadago ne, ya shirya irin wannan gwaji, malamai suka ƙaurace masa, ba a daɗe da zaɓen Ekiti ba ya soke shi. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun daga nan masu neman kujera suka gane taɓa malami na da tsada, amma barin yaro cikin jahilci ba ya ci musu ƙuri'a ko guda, gama ɗan aji uku ba ya zaɓe.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne na Kaduna, wadda da mu da su jiha guda mu ke kafin 1987. Cikin 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 sun kasa cin kashi 75 cikin ɗari, ta kuma ƙudura sallamarsu ta ɗauki sababbi 25,000. Ƙungiya ta ce ba haka aka yi alkawari ba a kan makin da za a ci, ta ce kuma gwada malami aikin hukumar rajistar malamai ta ƙasa ne, watau TRCN. Aka tafi kotun ma'aikata. Aka ga 'yan firamare bisa titi suna zanga-zanga, gwamnati ta zargi malamai da ingiza su. Cikin Janairu 2018 aka shiga yaji, bayan kwana goma aka janye, korar kuwa ta tabbata. Cikin 2022 aka sake sallamar malamai 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama sabuwar jarrabawa, cikinsu har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba.

Mu a namu ra'ayi, kowane gefe ya yi kuskure a Kaduna. Gwamnati ita ta ɗauki mutanen nan aiki tun da fari, da yawansu ta hanyar takardar ɗan siyasa, ta bar su shekaru ba horo, rana ɗaya ta kwance musu zane a kasuwa. Garajen da ta yi wajen maye gurbinsu ya nuna kansa, gama cikin 2018 ita da kanta ta sallami fiye da 4,000 daga cikin sababbin da ta ɗauka, ta ce su ma ba su cancanta ba. Amma fa ita ma ƙungiya ba ta fita ba. Da aka baje takardun amsa a fili, jama'a suka ga malamin da ya kasa amsa tambayar ɗan shekara tara, ya kamata a ce ƙungiya ce ta fara jin kunya, ta ce wannan ba ya cikinmu sai ya koma ya koyo. Maimakon haka sai ta sa ƙarfinta duka wajen kare kowa da kowa, gwani da wanda bai san kome ba, a cikin buhu ɗaya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Malamin kirki da ya kwana yana shirya darasi shi ya fi kowa hasara ran da aka daidaita shi da wanda bai iya rubuta sunan makarantarsa ba.

Manomin ƙasar nan ya san wannan ka'ida tun kaka da kakanni. Tun zamanin da a ke kai auduga kasuwa don injinan gurza na Funtuwa da Malumfashi, ba a biyan mutum sai an duba audugarsa an ba ta lamba, mai tsabta da kuɗinta, mai datti da nata. Wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago noma kuwa ya kan bi kunya ya duba kafin ya biya. Ba wanda ya taɓa kiran wannan cin mutunci. To, ƙaƙa za a ce wanda aka ba amanar ƙwaƙwalwar yaro shi kaɗai ne ba za a duba aikinsa ba?

Domin a ga inda wannan hanya ta ke kai mutane in ba a yi hattara ba, bari mu leƙa ƙasashe biyu na nesa. A ƙasar Meziko, wata mata mai suna Elba Esther Gordillo ta riƙe ƙungiyar malamai tun daga 1989 har 2013. Ƙarfinta ya kai har an kafa jam'iyyar siyasa a ƙarƙashin inuwarta, masu neman shugabancin ƙasa suna neman yardarta. A zamanin nan gurbin koyarwa ya zama kamar gona, ana sayar da shi, ana kuma gadonsa. Cikin Fabrairu 2013 aka kama ta bisa tuhumar karkatar da kuɗin ƙungiya wajen feso biliyan 2, ta shekara biyar a tsare, cikin 2018 kotu ta sallame ta ba a tabbatar da laifin ba. Amma ƙidayar makarantu da aka fitar cikin 2014 ta nuna fiye da mutum 39,000 suna karɓar albashi alhali ba wanda ya san su a wurin da aka ce suna aiki. A Afirka ta Kudu kuma, kwamitin da ministar ilmi ta naɗa a ƙarƙashin Farfesa John Volmink ya ba da rahoto cikin 2016 cewa ana sayar da muƙaman makarantu da kuɗi, ya ce kuma babbar ƙungiyar malaman ƙasar ce ke juya sha'anin ilmi a larduna shida cikin tara. Ƙungiyar ta musanta. Abin lura shi ne dukansu biyu da neman haƙƙin malami suka fara. Kuɗin da ba a tambayar lissafinsa, da shugaban da ya daɗe bisa kujera, da zumunci da masu mulki, su suka kai su inda suka kai.

Ba mu ce ƙungiyar malamai ta Jihar Katsina ta kai can ba, ba kuwa wani mutum mu ke nuna wa yatsa ba. Rigakafi mu ke nema, wanda ya fi magani. Cututtukan da ke damun firamaren ƙauye a Arewa ba ɓoyayyu ba ne. Akwai malamin da sunansa ke ƙauye, jikinsa na birni. Akwai makarantar cikin gari da malamai suka yi mata yawa har suna zaman hira ƙarƙashin itace, ga ta ƙauye malami biyu na fama da aji shida, domin mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, ya san wanda zai gani a sauya masa wurin aiki. Akwai ranar kasuwa da lokacin kaka, sa'ad da aji kan zama kango. Waɗannan abubuwa ba wanda ya fi ƙungiya saninsu, gama 'ya'yanta ne ke cikin kowace makaranta. In ta yi shiru a kansu, ta buɗe baki sai ranar maganar albashi kaɗai, to, ta zaɓi gefe ke nan, gefen kuwa ba na yaro ba ne.

Ba mu manta da halin da malamin yankin nan ya ke ciki ba. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da 'yan bindiga suka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kowa ya san zuwa makaranta a wasu wurare sai da shahada. Malamin da ya ƙi kwana a ƙauyen da mutanensa ma ke gudu ba za a kira shi malalaci ba. Nan ne ma ya kamata a ji amon ƙungiya fiye da ko'ina: ta nemi tsaro, ta nemi alawus na musamman ga mai koyarwa a ƙauye, ta nemi a horar da 'ya'yan garin su koyar a garinsu. Wannan faɗa ne wanda iyaye za su bi bayanta a kansa.

Saboda haka ga abin da mu ke roƙon shugabannin ƙungiya, tun daga reshen ƙaramar hukumar Bakori har zuwa na jiha. Na ɗaya, kowace shekara a karanta wa malamai lissafin kuɗinsu a bainar taro, abin da ya shigo da abin da ya fita, a kuma liƙa shi inda kowa zai gani. Kuɗin nan gumin talaka ne, mai gaskiya kuwa ba ya tsoron awo. Na biyu, shugaba ya yi wa'adinsa ya sauka ya koma aji, kada kujerar ƙungiya ta zama tsanin hawa muƙamin gwamnati. Wanda ke jiran a naɗa shi gobe ba ya iya duban gwamna ido da ido yau. Na uku, ƙungiya ta cire hannunta daga neman alfarma wajen ɗaukar aiki da sauyin wurin aiki da naɗin hedimasta, ta bar wa ka'ida. Na huɗu, ta yarda da gwaji, ta ma riga gwamnati kawo shi, bisa sharaɗin wanda ya faɗi a ba shi horo da dama ta biyu, in ya sake faɗuwa a sauya masa aiki ko a sallame shi da haƙƙinsa cikin mutunci. Na biyar, kome zafin rigima, kada a sake fitar da yara bisa titi don faɗan manya.

Ga gwamnati kuma muna cewa, ba a neman aikin kirki wurin mai jin yunwa. A biya albashi kan kari, a yi ƙarin girma in lokacinsa ya yi, a biya fansho da garatuti tun mai shi na da rai. Gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta ɗauki malamai fiye da 7,000 cikin 2023 ta hanyar jarrabawa. Wannan tafarki ne mai kyau, gama tace ruwa a bakin tulu ya fi sauƙi bisa kwashe shi bayan ya shiga randa. Sai dai a ɗore, kada in zaɓe ya matso a koma ga takardar alfarma. Haka nan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya tayar wa malamai da tsohon tsoro na 1991, tsoron kuwa yana da tushe. Ko ta wace hanya kuɗin zai bi, a tabbata albashin malamin firamare shi a ke fara cirewa.

Maganarmu ta ƙarshe ga iyaye ce, ku mutanen Tsiga da maƙwabtanku. Malami yana da ƙungiya, gwamnati tana da hukuma, ɗan siyasa yana da jam'iyya. Yaro ba shi da kowa sai ku. An tanadi kwamitin kula da makaranta na mutanen gari, inda mai unguwa da iyaye maza da mata da hedimasta ke zama, ga kuma ƙungiyar iyaye da malamai. Ku raya su. Ku san malamai nawa aka rubuta wa makarantarku, ku san nawa ke zuwa. Wanda bai iya boko ba ma yana iya ba ɗansa takarda ya ce karanta in ji, kunne ya san mai karatu da mai lalube. Malamin da ke zuwa kullum ku girmama shi, ku taimake shi da masauki, ku tsaya masa ran da aka hana shi haƙƙinsa. Wanda ba ya zuwa ku kai maganarsa ga sakataren ilmi, ku kuma kai ta ga shugaban ƙungiya, ku ga abin da zai ce. Ran da masu neman ƙuri'a suka zo, ku tambaye su maganar aji kafin maganar taki, gama taki na damina ɗaya ne.

Waɗanda suka kafa jam'iyyar malamai cikin 1948 sun nemi a daraja malami ne domin Arewa ta sami ilmi ta tsaya da ƙafarta. Magadansu na yau suna da yawan jama'a da kuɗi da faɗa a ji wanda su ba su samu ba. Muna fata za su kai wannan ƙarfi inda ɗan manomi zai amfana da shi. Allah ya sa a ji, a kuma yi aiki da abin da aka ji. Haza wasalam.